Isha'aku Mai Gorar Khal

Ƙanena Isha'aku mai nutso ne a Jidda, kuma duk wanda ya san shi a bakin ruwan Abhur ya san shi da jar gorarsa. Gora ce ta roba cike da khal, wato binega, ruwan tsamin nan da muke zubawa a salak. Ba ya taka jirgi sai da ita. Ya sha manta wayarsa a gidana ya tafi abinsa, amma ranar da ya manta gorar nan daga tsakiyar hanya ya juyo, yana buga mini ƙofa kamar wanda ya bar jariri a ciki. Ni ce Rakia, yayarsa, kuma ni nake cika masa ita, don haka ina da bakin ba da labarinsa.

Mu mutanen Gaya ne ta Nijar, Sarkawa gaba da baya, masunta tun kaka da kakanni. Sunan babanmu Gado, amma a garinmu in ka ce Gado sai an tambaye ka wanne. Sai ka ce Gado Ƙi-Saki tukuna a nuna maka gida. Ya samo sunan tun yana saurayi, ranar da ya rungumi wani ƙaton giwan ruwa da hannu, kifin ya ja shi ƙasa har mutanen gaɓa suka fara salati. Can sai ga shi ya ɓullo nesa da inda ya nutse, ƙirjinsa duk jini, kifin yana hannunsa. A kan abu biyu ya tashe mu: ba a shiga ruwa da riga, kuma abin da hannu ya kama ba a sakinsa. Isha'aku kafin ya iya ɗaure zariyar wandonsa ya iya nutso. Yana zaro kurungu daga rami ƙaya ba ta taɓa shi ba, kuma ya san inda minjirya take kwanciya ya kewaye ta.

Ni na fara zuwa Jidda. Na biyo mijina da yake aiki a wata masana'anta, muka zauna a Khumra, ina dafa wa ma'aikata abinci. Da kogi ya ja baya, kifi ya yi ƙaranci, Isha'aku ya biyo mu. Kafilinsa na farko, wato uban gidan da ya tsaya masa a takardu, ya sa shi lodi a wani sito kusa da tashar jiragen ruwa. Basarke a cikin sito, yana jin warin teku ta bayan katanga ba ya ganinsa, ai sai ya rame ya zama masifaffe. Allah ya haɗa shi da Abdulghani, wani mai jirgin kai masu nutso yawon kallon ƙasan teku. Abdulghani a Jidda aka haife shi, jikan Hausawan da suka zo hajji suka zauna ne, Hausarsa rabi Larabci. Ya ga yadda Isha'aku yake kallon ruwa, ya gane nasa ne. Aka gyara takardu, iƙama, takardar izinin zama, ta koma ƙarƙashin Abdulghani, ƙanena ya koma ruwa yana kankare gindin jirage.

Bai daɗe da fara aikin ba igiya ta naɗe farfelar wani jirgi. Abdulghani ya ce ya sa rigar nutso ya shiga, shi kuma ya tafi ɗauko wuƙa. Isha'aku ya ɗaga rigar ya duba, baƙa, matsattsiya, daga wuya har idon sawu, ya yi dariya ya ajiye. Ya faɗa ruwa da gajeren wando yadda ya saba tun yana yaro. Ya warware igiyar tsaf. Yana tasowa wani abu ya shafe shi daga wuya zuwa ƙirji. Bai ga komai ba, amma ya ce ji ya yi kamar an ja masa wayar wuta a jiki. Da ya fito ya yi abin da kowane ɗan gidanmu zai yi: ya murje wurin da tafin hannu, ya ƙara da yashi, ya kwarara ruwan sha. Kafin Abdulghani ya iso da gudu, ƙanena ya gama yi wa kansa illa da hannunsa.

A asibiti na same shi yana amai, zufa tana zuba, yana riƙe da ƙugu yana cewa bayansa zai karye. Har wasiyya ya fara ba ni, wai in kai wa Baba agogonsa. Na ce ya rufe mini baki. Allah ya tashi kafaɗarsa. Tabon yana nan har yau, layi-layi kamar na bulala.

Wani da ya sha da ƙyar haka sai ya koma sito. Isha'aku yana samun sauƙi abin da ya fara tambaya shi ne sunan abin da ya taɓa shi. Abdulghani ya ce gandil ne, wata halittar teku mara ƙashi mai harbi da zare, amma ba gandil ɗin da aka saba gani ba, mai siffar akwati ne. Daga nan ƙanena ya ɗaura ɗamarar saninsa. Halinsa ke nan, shi ne abin da nake so da shi kuma shi ne abin da yake ƙona mini rai: in ya sa abu a gaba, sai kowa ya gaji shi bai gaji ba. Ya zauna gaban Abdulghani ya koyi karatun nutso, ya samu takardar shaida, ya cika wayarsa da hotunan halittun da ba su da fuska. Sai ya zo cin tuwo a gidana, ina zuba miya yana tura mini waya a hanci.

Dole ta sa ni ma na haddace. Gandil na yau da kullum zagayayye ne kamar faifai, duk inda ruwa ya kai shi nan ya je. Mai akwatin kuwa kusurwa huɗu gare shi, jikinsa garau kamar kofin gilashi a cikin ruwa, kuma daga kowace kusurwa zare yake sauka. Shi ba ya jiran ruwa ya kai shi, iyo yake yi da niyya, yana juyawa, yana kauce wa abu, don yana da idanu. Yana son ruwa mai kwanciya kusa da gaɓa, kuma haske yana jawo shi. Isha'aku yana cewa a nan ba kullum ake ganinsa ba, mutum sai ya daɗe yana nutso bai gamu da shi ba, kuma na wasu tekuna masu nisa sun fi namu yawan zare da saurin kisa. Amma namu ma ya ishi mutum, musamman tsoho ko mai ciwon zuciya.

Abin da ya fi nanatawa shi ne sirrin zaren. Wai a jikinsa akwai ƙananan ƙayoyi masu dafi da ido ba ya gani, kowace a ɗane kamar tarko. In zare ya manne a fata, kaɗan ne suke harbi, mafi yawa suna nan suna jira. In ka shafa, ka tashe su. In ka zuba ruwan daɗi, na famfo ko na sha, ka tashe su. Khal ne yake ɗaure su, sannan a cire zaren da hantsaki, a sa wurin a ruwa mai zafi daidai yadda fata za ta jure, a nufi asibiti ko da mutum ya ce ya warke, don wani ciwon sai daga baya yake tasowa. Kuma ba kowane gandil ake zuba wa khal ba, shi ya sa sai ka san wanda ya taɓa ka.

Yanzu shi yake yi wa baƙi bayani kafin su sauka ruwa, da Larabcinsa na Khumra da hannu da ido. Yana duba kowa daga hula har safar hannu, in ya ga wuya a buɗe ya rufe shi. Yana gaya musu in sun ga mai kusurwa huɗu kada su yi ta fafutuka, su ja baya a hankali su ba shi hanya, su kalle shi daga nesa don abin kallo ne. In za su taso su ɗaga kai su duba sama tukuna. Ko matacce suka gani a kan yashi kada su taɓa. Ba ya tsorata kowa, murmushi yake yi, kuma mutane suna bin bayansa cikin ruwa hankali kwance.

Mutum ɗaya ne bai gamsu ba. Ranar da Isha'aku ya samu takardar shaidarsa ya ɗauki hoto cikin cikakkiyar shiga, riga da hula da gilashin fuska da tulun iska a baya, ya aika gida. Aka kai wa Baba waya ya duba ya daɗe, sannan ya ce wannan ba ɗansa ba ne, kwaɗo ne. Tun daga ranar in zai tambaye ni shi sai ya ce, ina mai rigar tsoro. Isha'aku yana dariya in na faɗa masa, amma ni na goya shi, na san dariyarsa ta gaske. Babu abin da yake so a duniya kamar Baba ya sa wa aikin nan nasa albarka. Shekaru suka yi ta wucewa bai samu ba.

Sai bara Allah ya kira Baba umra. Ya tsufa, hawan jini ya kama shi, tansiyo kamar yadda muke cewa a gida, yana da ƙwayoyin da yake sha in ya ga dama. Da ya gama ibadarsa ya sauka a wurina, da 'yar gorar zamzam da ba ya rabuwa da ita, yana kurɓa yana shafawa a gwiwa. Bai huta ba ya ce a kai shi ya ga ruwan da ya mayar masa da ɗa matsoraci. Abdulghani ya ce ahlan, maraba, akwai ranar da ba shi da baƙi, jirgi nasu ne. Aka ce da ni in zo. Ni Basarka ce ta tudu, ruwan da ba na ganin ɗaya gaɓarsa ba na sonsa, amma ba zan bar tsoho da ɗansa su kaɗai da wannan maganar a tsakaninsu ba. Na dafa shinkafa, na cika tarmos da ruwan zafi na shayi, na bi su.

Tun a gaɓa Isha'aku ya durƙusa ya miƙa wa Baba sabuwar rigar nutso da ya tanadar masa. Baba ko hannu bai sa ba. Ya ce ya shiga ruwan da kada yake ciki, ya wuce ta gaban dorina, bai sa riga ba, ba zai fara da furfura ba. Isha'aku ya ce to, in haka ne ya zauna a cikin jirgi ya yi kallo. Baba ya wuce shi ya shiga jirgi.

Abdulghani ya kai mu wani lungu da iska ba ta kaiwa, ruwan ya kwanta lumui, shuɗi, ana ganin ƙasa. Ni na ji daɗi. Isha'aku kuwa ya dubi ruwan ya tsuke baki. Ya shirya ya sauka shi kaɗai ya zagaya jirgin, ina hango shi a ƙasa yana tafiya a natse ko ƙura ba ya tayarwa. Na saci kallon Baba na ga ya leƙa shi ma, ya daɗe bai ɗago ba. Da Isha'aku ya hau ya cire gilashinsa, ya ce akwai su, masu akwati, suna yawo sama-sama ta bayan jirgi, yau ba mai sa ko yatsa a ruwa. Har ya nuna wa Baba guda. Baba ya ƙanƙance ido ya ce shi leda yake gani, wai ashe leda ce ta kori ɗan Gado daga ruwa.

La'asar ta yi. Isha'aku ya cika buta ya ajiye dab da ƙafar Baba, ya juya yana kwance tulun iska. Ni ina zuba shinkafa. Babu wanda ya yi tunanin abin da ya kamata mu duka mu yi tunani: mutumin da ya yi rayuwarsa a kan ruwa bai taɓa alwala da buta yana cikin jirgi ba. A wurinsa abin kunya ne. Ya tsallake butar, ya sauka ɗan dakalin da yake bayan jirgi, ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannunsa na dama har gwiwa. Daga baya ya ce ya ga ledar nan ta matso tana motsi kamar mai rai, hannunsa kuma ya rufe a kanta kafin ya ba shi umarni.

Bai yi ihu ba. Innalillahi kawai na ji a hankali, na waiwaya. Ya zauna daɓas a kan dakalin, ya ɗaga hannu, wani siririn zare ya naɗe shi daga wuyan hannu zuwa gwiwa, fatar tana yin ja a gabana. Sai na ga ya kai tafin hagunsa baki yana tofi. Haka yake yi mana tun muna yara, harbin kunama ko ƙayar kifi, ya tofa addu'a a tafi ya murza wurin da ƙarfi.

Ban ga lokacin da Isha'aku ya tsallake ni ba. Na dai ga ya damƙe wuyan hannun Baba na hagu, ya danne shi a kan katako, ya sa kafaɗa ya tokare masa ƙirji. A gidanmu ɗa ba ya haɗa ido da uba, balle ya kama hannunsa. Gabana ya faɗi fiye da lokacin da na ga zaren.

"Sake ni, yaro," in ji Baba.

"Ba zan sake ba, Baba. In ka shafa, dafin zai ninka."

Baba ya yunƙura. Tsoho ne amma ƙarfin hannun nan yana nan, har jirgin ya girgiza. Ya juyo gare ni, ya ce in ɗauko zamzam ɗinsa in kwarara masa. Isha'aku bai ɗaga murya ba.

"Yaya, jar gorar. Zamzam zai sha, ba a nan za a zuba ba. Ki yi masa addu'a da baki, hannu kuwa a'a."

Gorori biyu suna gabana, uba ya ce wannan, ƙane ya ce waccan. Na dubi wuyan Isha'aku inda rigar ta zame, tabon nan ya leƙo, na ɗauki jar. Ina kwarara khal ina karanta duk abin da ya zo bakina. Abdulghani ya riga ya ta da inji yana magana a rediyo a turo motar asibiti bakin gaɓa.

Zafin ya kai wa Baba ko'ina, idanunsa suka kaɗa. Ya dubi ɗansa ya ce, "Isha'aku, ni na haihe ka. In ba ka sake hannun ga ba, ban yahe maka ba."

Na ji maganar har cikin ƙashina. Abdulghani ma da Hausarsa rabi ce ya juyo, ya ce, "La ya ammi, la, kada ka faɗi haka." Na dubi ƙanena, na san abin da aka ɗora masa a sikeli, abin da ya yi shekaru yana nema ne ake shirin ƙwace masa gaba ɗaya. Fuskarsa ta canza, amma yatsunsa ba su motsa ba.

"Na ji, Baba," ya ce. "Gara ka faɗa kana numfashi."

Haka ya riƙe shi har na gama jiƙa zaren sharkaf. Ya ce in ɗauko hantsaki a akwatin magani, ya gaya mini yadda zan ɗaga zaren daga baki ɗaya ba tare da na ja shi a kan fata ba. Muryarsa a natse take, ita na bi. Sannan na juye ruwan tarmos a bokiti, na sirka da na teku, ya ce in gwada da gwiwar hannuna, muka tsoma hannun Baba a ciki. Sai a lokacin ya saki na hagun. Ya buɗe gorar zamzam da kansa ya kai wa Baba baki. Baba ya sha, bai dube shi ba.

Kafin mu kai gaɓa Baba ya ce halas, shi ke nan, zafi ya sauka, a mayar da shi gida. Isha'aku ya ce asibiti za mu. Ba mu ƙarasa ba zufa ta keto wa tsoho, ya fara amai, ya kama ƙugu yana nishi, daidai yadda na taɓa ganin ɗansa. Isha'aku ya sa masa iskar oksijin a hanci, ya zauna da yatsa a kan jijiyar wuyansa yana lura da numfashinsa, yana yi wa Abdulghani yalla yalla don ya ƙara gudu. A asibiti jinin Baba ya hau sosai, likitoci suka yi ta fama har ya sauka. Wata likita ta tambayi abin da aka yi masa a jirgi, Isha'aku ya lissafa mata, ta gyaɗa kai ta ci gaba da aikinta.

Baba ya tashi. Aka sallame shi ya dawo gidana, hannun dama a naɗe. Amma maganar da ya faɗa a jirgi tana nan inda ya ajiye ta. Kullum Isha'aku yana zuwa daga aiki, tun daga Abhur har Khumra, ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe shi, Baba ya amsa da ka kawai. Ƙanena bai fasa aiki ba, bai kuma ba da haƙuri a kan riƙon ba. Na ce masa ya ce ya tuba mana, ko a samu a wuce wurin. Ya ce zai nemi gafarar zafin da ya ji masa, amma ba zai ce ya yi kuskure ba, don in aka sake gobe haka zai yi, kuma ba ya yi wa Baba ƙarya. Abinci kuwa sai ya tsakura ya ture. Ni haushin su biyun ya ishe ni. Ba ni da bakin yi wa uba faɗa, sai tukwanena suka sha wahala, duk wanda yake gidan ya san Rakia tana fushi.

Ana gab da komawar Baba gida, mutanen Gaya da suke aiki a Jidda suka taru suka zo duba shi bayan sallar Juma'a. Falo ya cika, Abdulghani ma ya zo da dabino. Isha'aku ya zauna can bakin ƙofa wurin takalma, inda ya mayar wurin zamansa. Ina raba shayi wani dattijo ya ce a nuna musu inda abin ya taɓa. Baba ya warware bandeji, layukan nan sun yi baƙi-baƙi sun zagaye hannu, aka yi ta sannu. Sai ya naɗe hannun rigarsa na hagu, wanda ba wanda ya tambaya. A wuyan hannun akwai shatin yatsu, huɗu a sama ɗaya a ƙasa, har lokacin bai gama bajewa ba.

Ya ce na dama aikin gandil ne, halittar da ya raina ya ce leda, kuma ya gode Allah da ya nuna masa a ruwa akwai abin da bai sani ba. Na hagu kuwa, ya ce, ya yi kokawa da giwan ruwa, ya yi da maza a bakin kogi, ba a taɓa riƙe shi ya kasa ƙwacewa ba sai ranar nan. Ya ce ya yi da ƙarfi bai samu ba, ya yi da baki, da maganar da ta fi kowace nauyi, nan ma bai samu ba.

"Na hwaɗi magana cikin jirgin nan gaban shaidu biyu," ya ce. "Ku kun hi su yawa. Ku shaida na janye ta. Na yahe duniya da lahira, Allah shi yi ma aikinai albarka, da rigar da duka."

Aka amsa da amin. Ni na ajiye tire don kada in zubar, hawaye suna zuba ban damu da wanda ya gani ba. Isha'aku ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna motsi.

Can aka kira la'asar a masallacin unguwa, baƙi suka fara miƙewa. Baba ya gyara zama ya dubi bakin ƙofa.

"Ƙi-Saki," ya ce, "ɗauko mini buta."

Mutanen Gaya suka tsaya cak suna duban juna, don duk rayuwarsu mutum ɗaya suka sani da wannan sunan, kuma shi ne ya yi kiran. Isha'aku ya share fuska da hannun riga, ya tashi ya tafi ɗebo ruwa.